Limanci da Gado a Ƙasar Bakin Kwara

Idan limamin gari ya rasu a ƙasarmu ta Kende da kewayenta, tun ba a tashi daga zaman makoki ba, kai, wani lokaci tun jama'a ba su watse daga maƙabarta ba, akwai wata tambaya da takan riƙa kai da komowa a zukatan dattawa, ko da kunya ta hana kowa furta ta, watau wane ne zai hau mumbari ranar Juma'a mai zuwa. Ana lura da wanda aka tura gaba ya sallaci gawa, ana lura da wanda iyalin marigayi suka miƙa wa sandar huɗuba, ana kuma lura da wanda hakimi ya fara yi wa ta'aziyya da ya iso zaure. Galibi al'amarin ba ya wuya, gama kowane tsohon gari yana da gidan da yaro da babba suka sani da sunan Gidan Liman, daga cikinsa kuwa ake sa ran magaji ya fito. Amma akan sami zamanin da ɗan marigayi bai yi nisa a karatu ba, alhali ga wani malami a gari wanda ya sha littattafai har almajirai suna zuwa masa daga nesa, to, a nan ne maganganu biyu suke karo da juna: masu cewa, "Limancin nan na gidanmu ne tun kaka da kakanni," da masu amsa musu da cewa, "Salla ai ba gona ba ce balle a gaje ta."

Wannan husuma ta girmi duk mai karanta wannan takarda, kuma ƙasarmu wuri ne da ya dace a tsaya a dube ta, saboda yawan al'ummomin da Allah ya tara a cikinta. Kende tana cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a ƙarƙashin masarautar Gwandu, kusa da inda Gulbin Kabi yake zuba ruwansa cikin Kwara. Idan aka ƙetare kuwa ga Illo da Ka'oje, ga Lolo da Tsamiya a bakin iyakar Jamhuriyar Benin. Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Bargawa duk sun zauna a wannan tsakani, kowace al'umma kuwa ta zo da nata fahimtar game da wanda ya cancanci ya tsaya gaban jama'a a sha'anin ibada.

Kafin Musulunci ya kafu, mas'alar ba ta da ruɗani, domin a wurin arna tsafi alkawari ne tsakanin iska da wani gida ayyananne, wanda ba ɗan gidan ba kuwa, ko da ya haddace kirarin duka, ya san launin akuyar da ake yankawa da ranar da ake yanka ta, ba a ɗauka iskar za ta karɓa daga hannunsa. Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe, wanda ya fito daga zuriyar Dala, cewa shi kaɗai yake shiga wurin Tsumburbura ya fito ya gaya wa mutane abin da zai auku a shekara. A Lugu ta ƙasar Arewa, garin Sarauniya Mangu wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa a 1899, idan Sarauniya ta rasu sai a yi tarkama, watau a ɗauki gawar a yi ta zagayawa da ita har ta kai masu ɗauke da ita wurin wadda za ta gaje ta daga cikin matan zuriyar. Masunta ma har gobe a gida guda suke neman Sarkin Ruwa. A irin wannan tsari jini shi ne hujja, babu kuwa wata hujja bayansa, shi ya sa idan gardama ta tashi ba ta wuce tantance nasaba.

Da shari'a ta zo, sai ta aza ma'auni dabam. Duk almajirin da ya kai babin limanci a Muhtasar na Shehu Halilu ya san jerin waɗanda ake so a gabatar idan aka taru: mai mulki, sa'an nan mai gida a cikin gidansa, sa'an nan wanda ya fi sanin fiƙihu, sai wanda ya fi sanin hadisi, sai wanda ya fi ƙira'a, sai wanda ya fi ibada, sai wanda ya fi daɗewa cikin Musulunci, bayan waɗannan duka ne aka ambaci nasaba. Idan mutum biyu suka yi kunnen doki, kuma ba girman kai ya sa su jayayya ba, sai a yi musu ƙuri'a. An kuma karhanta mutum ya limanci jama'ar da suke ƙinsa saboda wani aibi a addininsa. A babin rabon gado kuwa, inda malamai suka ƙididdige abin da ake kira tarika, tun daga ƙasa da dabbobi har bashin da ake bin mutane, babu inda aka sa mihrabi, gama limanci wilaya ce da amana, mai riƙe da ita bai mallake ta ba balle ya bar wa magada.

Masu kare gado sukan kawo mabuɗin Ka'aba, kuma ya kamata a saurare su, domin hujjar tana da asali. A shekarar buɗe Makka, ta takwas bayan Hijira, daidai da 630, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar wa Usmanu ɗan Ɗalha mabuɗin, ya tabbatar da shi a gidansu, daga baya ya koma hannun ɗan baffansa Shaiba, har yau kuwa Banu Shaiba ne suke buɗe Ɗakin Allah, dauloli sun zo sun wuce ba wadda ta karɓe musu. Sai dai mai kawo wannan hujja ya tuna abu biyu: nassi ne ya keɓe wannan gida, na biyu kuma tsaron ƙofa aka ba su, limancin Harami kuwa yana hannun waɗanda mahukunta suka naɗa.

To, yaya aka yi abin da littafi ya rataya ga ilmi ya koma abin gida? A ganina wannan ne wurin da ya fi cancantar tsayawa, domin masu gaggawar hukunci sukan ce son zuciya ne kawai, alhali kuwa tarihi ya nuna dalilan da suka fi haka nauyi. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1349 zuwa 1385, shugabansu Abdurrahman Zaite, sai aka raba musu ayyuka: Gurdumus limamin sarki, Lawal ladan, Auta mai yanka, Mandawari limamin Wangarawa da manyan gari, Zaite kuwa alƙali. A garin da masu karatu ba su wuce a ƙidaya su da yatsu ba, wanda zai gaji liman ba shi da inda zai fito sai ɗakin da littattafai suke. Takarda a can baya daga ƙetaren hamada take zuwa, littafi guda sai a yi watanni ana kwafarsa da hannu, ɗan liman kuwa tun yana rarrafe yake jin ana biya Ahalari da Ishmawi da Iziyya a zauren ubansa, ya ga yadda ake ɗaura aure, da yadda ake wankan gawa, da yadda ake sulhunta miji da mata ba tare da asirinsu ya fita ba. Ashe lokacin da magabata suka ce limanci na gidan wane ne, abin da suke nufi shi ne ilmin yana gidan wane, nasaba da cancanta kuwa a lokacin tafiya guda suke yi, har aka manta cewa abubuwa biyu ne.

A ƙetaren Kwara al'amarin ya ƙara ƙarfi ta wata fuska. Sarakunan Bargu na Busa da Nikki da Illo, waɗanda suke danganta kansu ga Kisra, sun daɗe suna riƙe da al'adun kakanninsu, Musulunci kuwa yana unguwannin fatake masu jin Dandanci, waɗanda suke kan hanyar goro da ta bi ta Kandi da Zugu har Salaga. A irin waɗannan garuruwa liman shi ne mai yi wa sarki addu'a da rubutu, shi ne kuma bakin baƙi a fada, sarki kuwa ya fi natsuwa da gidan da ubansa ya yi hulɗa da shi, saboda haka limanci ya zauna a zuriyoyi sanannu kamar yadda sarauta ta zauna, har da rawani da gaisuwa.

Masu jihadi sun ga wannan, kuma ba su yi shiru ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da shi, a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa karɓar mulki ta hanyar gado da rinjaye ba tare da shawara ba cikin al'adun da ya soka. Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ƙasarmu take ƙarƙashin tutar gidansa, ya fi kowa tsanani a wannan babi, har ya taɓa barin rundunar jama'a ya nufi gabas saboda abin da ya gani na son duniya, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami wajen 1806 don su san yadda ake naɗa masu wilaya. Amma bayan rasuwar Shehu a 1817 da ta Malam Abdullahi a 1829, sarauta ta zauna a gidajensu, waziranci ya zauna a gidan Giɗaɗo, alƙalanci da limanci su ma suka sami gidajensu a birane da ƙauyuka. Ba na faɗin haka don zargi, gama Muhammadu Bello da Halilu na Gwandu malamai ne da ba a yi musu gori, gidan Giɗaɗo kuwa shi ya fitar da Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, kowa kuwa ya san matsayinsa. Abin da nake nufi shi ne sun riƙe gadon da sharaɗinsa, watau karatu, kuma ranar da sharaɗin ya faɗi a wani gida, ranar ce husuma take samun ƙofa.

Turawa da suka zo sun tsaga Bargu biyu da yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a Faris ranar 14 ga Yuni 1898, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo hannun Ingila, daga baya aka haɗa Illo da Ka'oje da Gwandu. Da zuwansu sai ga sabon mai raba gardama wanda ba ya salla. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Alhaji Umaru, wanda ake yi wa laƙabi da Bakabe saboda asalin gidansu, aka haife shi a Kano wajen 1858, ya zauna Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa ta, ya koma Kete Karachi, inda ya rasu a 1934. Masu rubuta tarihinsa sun kawo cewa da Hausawan zango suka rabu a kan wanda zai zama liman, jami'in Jamus mai mulkin wurin ya sa a kawo littafin Larabci a karanta a gabansa, Alhaji Umaru ya yi fice, aka ba shi limanci. Baturen bai san Muhtasar ba, amma da ya rasa nasabar da zai bi a garin baƙi, sai ya koma ga ma'aunin ilmi da Muhtasar ya gabatar a kan nasaba. A Ilori kuwa wata hanya aka bi, aka raba limanci uku bisa asalin jama'a, Limamin Fulani a gaba, sai Limamin Imale, sai Limamin Gambari, kowanne da gidajen da ake ɗauko shi.

Wanda yake zaton mu kaɗai wannan cuta ta sama, ya dubi ƙasar Indiya, inda aka kai irin wannan ƙara har kotun ƙoli ba sau ɗaya ba. Ba ina daidaita masallaci da ɗakunan bautar Hindu ba ne, Allah ya kiyaye. Halin 'yan Adam game da muƙami da abin da muƙami yake kawowa nake nunawa. A kudancin ƙasar akwai zuriyoyin da suka yi ɗaruruwan shekaru suna gadon hidimar manyan ɗakunan bauta, sunan da suke kiran wannan haƙƙi da shi kuwa shi ne mirasi, kalmar nan tamu ta Larabci da ta isa can ta hanyar Farisanci. A 1970 jihar Tamil Nadu ta gyara dokarta ta 1959 ta soke gadon, masu gado suka kai ƙara, a 1972 kotun ƙoli ta ce naɗa mai hidima aiki ne na gudanarwa da hukuma take da ikon tsara shi, da sharaɗin kada a saɓa wa littattafan ibadar wurin, waɗanda suke kira Agama. Wannan sharaɗi ya sa an soke gado a takarda amma ƙofa ba ta buɗe sosai ba, aka yi ta komawa kotu, har sai a watan Agusta na 2021 gwamnatin jihar ta naɗa mutanen da aka horar daga dangogin da a da ba a yarda su kusanci wurin ba. A jihar Andhra Pradesh dokar 1987 ta soke mirasin masu hidimar Tirumala, har da kason da suke ɗauka daga abin da masu ziyara suke kawowa, kotun ƙoli ta tabbatar da haka a 1996. A shari'ar Kerala ta 2002 kuwa ta ce wanda ya koyi aikin ya ƙware ba za a hana shi don ba Barahame ba ne. Su wahalarsu ita ce littattafansu da kansu ake jayayya ko sun ɗaure hidimar ga zuriya. Mu namu littattafan sun warware tun tuni, saura aiki da su.

A zamaninmu abubuwa biyu suka taru suka hura wutar. Na farko, ilmi ya fita daga zauren Gidan Liman: littafin da a da ake kwafa da hannu yanzu ana sayar da shi a kasuwar Jega, ɗan masunci da ɗan makiyayi suna zuwa Sakkwato da Madina da Azhar su komo da shahada. Na biyu, tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, jayayyar wanda za a bi salla ta haɗu da jayayyar aƙida, sai wanda aka hana mihrabi ya ja jama'arsa ya gina nasa masallacin, alhali mashhurin mazhabarmu shi ne idan Juma'a ta yawaita a gari guda ba da larura ba, ta tsohon masallaci ce ingantacciya. Idan an je gaban shari'a kuma sai a tarar tsarin mulkin 1999, a sashe na 277, ya ambaci wakafi da kyauta da wasiyya da gado cikin abin da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a take dubawa, bai ambaci limanci ba. Saboda haka rawani yana hannun hakimi da sarki, abin da yake isa gaban alƙali kuwa shi ne gona da fili da gida, wanda sau da yawa shi ne asalin rigimar ko da ba shi aka fara ambata ba: gonar nan ta fadama da wani sarki ya ba kakan liman, shin kyauta ce ga mutumin, ta zama tarika, ko habusi ce ga masallaci, ta bi duk wanda yake limanci? Ba a rubuta ba, shaidun kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya.

Na ga irin wannan da idona ina saurayi, a wani gari na bakin gulbi da ba zan ambaci sunansa ba saboda zuriyar mutanen suna nan. Liman ya rasu ya bar ɗa wanda bai wuce Iziyya ba, ga kuma na'ibinsa, baƙo ne da ya zo almajiranci daga ƙetare ya yi shekara ashirin a zauren marigayi har ya sauke Risala da Askari da Muhtasar a hannunsa. Da aka taru gaban hakimi, ƙanen marigayi ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, gidan nan limami biyar ya fitar, ashe a zamaninka za a ce mun bi baƙo salla?" Na'ibin da aka tambaye shi bai ɗaga kai ba, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, abin da na sani duka a gidan nan na same shi, in an ce in ja salla na ja, in an ce in bi yaron nan na bi, sai dai ina roƙo a bar shi ya zo mu ƙarasa karatu." Hakimi ya ce na'ibi ya riƙe Juma'a da Idi, ɗan marigayi ya riƙe salloli biyar da suna da ɗaurin aure, mutane suka ce an yi adalci, ni ma a lokacin haka na gani.

Gonar fadama ce ta ƙi sasantuwa. Shekara uku ana zuwa gaban alƙali ana komowa, har damina biyu ba wanda ya shuka ta. Yaron kuwa, da baffanninsa suka gaya masa zama gaban na'ibi da littafi zubar da girman gida ne, sai ya daina zuwa darasi.

Ana cikin haka aka zo rabon tarika, aka fito da gafakokin marigayi daga ɗakin da ba mai shiga sai shi. Ina cikin waɗanda suka ɗauko su, har yau kuwa ina jin ƙamshin tsohuwar fata da tawada da ya tashi da aka kwance su: Alƙur'ani rubutun kakansa, Muhtasar mai ɗurar malamai uku a gefen shafi, kowanne da irin hannunsa, Jalalaini, Ishiriniya, da wasu takardu na mutanen Gwandu da ban san ko akwai irinsu a wani wuri ba. Mutanen da suka shekara uku suna shari'a kan gona ba su yi gardamar rabin yini kan littattafan ba. Aka yi musu kuɗi aka raba kamar yadda ake raba tumaki, da yake kuwa ba ɗinkakku ba ne, sai Muhtasar ya rabu gida biyu, babin ibada ya faɗa rabon ɗan, babin ciniki da hukunci ya faɗa rabon wata 'yar marigayi da take aure a wajen Kandi. Na'ibi yana zaune a bakin zaure yana kallo, ba shi da kaso, gama shi ba magaji ba ne. Bayan shekaru na koma garin na roƙi a nuna mini rabin da ya rage, aka shiga aka daɗe, sa'an nan aka fito mini da gafakar, gara ta cinye ta tun daga babin tsarki har tsakiyar babin salla.